Shekara Biyun Da Na Raina

Lamisula, Maiduguri

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ko da yake bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naka, kuma da safen nan ma ka durƙusa ka gaishe ni. Allah Ya kai ka inda za ka lafiya. Ya tsare ka a hanyar Damaturu har Abuja, Ya tsare ka a cikin jirgi, Ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Allah Ya tsare maka sallarka da gwiwoyinka, don su ne jarinka a can.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙa daga gare ni. Ka san hannuna da ƙarfe da wutar walda ya saba, ba da biro ba. Amma akwai maganar da in zan faɗa maka ido da ido sai na ɗaga kai na dube ka, ni kuwa ban saba ɗaga kai in dubi mutum ba. Tun ina saurayi Sani Dogo ake ce mini a unguwar nan, ni nake sunkuyawa in gaisa da jama'a, sai ga shi a cikin gidana an haifi wanda ya kere ni. Shi ya sa na rubuta. Mamanka za ta miƙa maka, ka karanta kafin ka ɗaure jakarka.

Ita ce ta kawo mini maganar da ta hana ni sukuni. Jibi za ka tafi Amurka, kwalejin nan ta shekara biyu da ta ɗauke ka ka yi karatu kana buga mata ƙwallon kwando. Ta ce ka gaya mata za ka je ne kawai don kada ranta ya ɓaci. In ka yi zango ɗaya babu babbar jami'ar da ta neme ka, za ka tattara ka dawo, don ba za ka zauna a makarantar ƙauye ba alhali Bukar ɗan Modu, abokin wasanka tun kuna yara, yana babbar jami'a. Da ta gama sai ta tsaya tana dubana, ta ce, "Malam, ka gane muryar wa ke nan?"

Na gane. Muryata ce. Ni na fara kiran wurin makarantar ƙauye, a kan tabarma, kana zaune kana ji. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, an ce, amma ba kowane gudun barewa ba ne abin gado. Abin da ke cin ka ba son ƙwallo ba ne, ba kuma son karatu ba. Ƙyashi ne, kuma a gidan nan ka sha shi. Bari in gaya maka inda na samo nawa.

Ka san Baba Modu a matsayin dattijo mai lambu a Dusuman, wanda in mun haɗu a wurin ɗaurin aure nake miƙa masa yatsu biyu in wuce. Ba ka san shi ne abokina na ƙut-da-ƙut ba. Tare muka tashi, tare muka fara jefa ƙwallo a zoben da aka ɗaure jikin darbejiya, tare aka ɗauke mu ƙungiyar matasan jiha. Na fi shi tsawo nesa ba kusa ba. In mun shiga fili ni ake nunawa da baki, shi kuwa sai a ɗauka jakata ya rako. Na saba da haka har na ɗauka haka Allah Ya tsara abin ya tafi.

Wata shekara, bayan gasar da muka je, wani koci ya same mu mu biyu. Ƙaramar ƙungiya yake riƙe da ita, ta wata masaƙa a wani gari da ko sunansa ban taɓa ji ba, a ƙaramin rukuni suke bugawa. Ya ce mu zo mu yi masa shekara biyu, za mu buga kowane wasa, daga nan manya za su zo da ƙafarsu su neme mu. Modu ya ce to. Ni kuwa na yi dariya a gaban mutumin. Na ce ni da tsawon nan in je in buga wa masu saƙa bargo? Kawuna yana da wani sananne a Legas da ya san manajan wata babbar ƙungiya, aka yi magana, aka cusa ni. Ranar da na tafi, rabin Lamisula sun raka ni tasha. Modu shi kaɗai ya kai kansa tasha da jakarsa.

Abba, na samu riga mai kyau, mai lamba a baya. Na samu takalmi. Na ɗauki hoto na aiko gida, kakanka ya rataye a zaure. Abin da ban rubuto musu ba shi ne, rigar nan ba ta taɓa jiƙewa da gumi a wasa ba. A gabana akwai ƙarti da suka daɗe suna bugawa, sun san inda ake sa gwiwar hannu alƙalin wasa bai gani ba. Ni kuwa tsawo kawai na kawo. Sai in zauna a ƙarshen benci in yi tafi, in miƙa ruwa, in an tashi in ninke rigata yadda na zo da ita. Benci ba ya koya wa mutum komai sai gulma. Shekara biyu na yi a kansa, na ƙware a sanin laifin kowane ɗan wasa, ni kuma ban ƙaru da ko taku ɗaya ba.

Wata rana manaja ya kira ni ya ce in je tasha in taro baƙo, ɗan garinmu ne. Na je, sai ga Modu yana saukowa daga mota. Na rungume shi, na ɗauki jakarsa a kafaɗa, ina ta yi masa burgar Legas, ina nuna masa gadoji. Na ɗauka ziyara ya kawo mini. Sai da muka isa masauki na ga koci da kansa ya fito yana washe baki, mutumin da bai taɓa riƙe sunana daidai ba, yana kiran Modu da sunansa har da na mahaifinsa. Ashe sun daɗe suna zuwa kallonsa a garin masaƙar nan. Bai ƙara ko ɗan yatsa a tsawo ba, amma ya zama wani mutum daban. Ƙirjinsa ya buɗe, idonsa ya daina rawa, in an matse shi ba ya firgita, don an sha matse shi a filayen da babu mai tausayin kowa. A makon farko aka sa shi cikin biyar ɗin da ake fara wasa da su. Ni da na ɗauko masa jaka, ni na ci gaba da miƙa masa ruwa.

To ka ji shawarata ta farko, kuma da fatar jikina na saye ta. Kada ka auna wuri da girman sunansa, ka auna shi da yawan gumin da zai fitar maka. Inda za a ba ka ƙwallo ka yi kuskure, a zage ka, gobe a sake ba ka, nan ne makaranta. Girman kai rawanin tsiya ne, ni na naɗa shi na san nauyinsa.

Abu na biyu ya fi wannan muni, ko mamanka ban taɓa gaya wa ba. Kafin a sallame ni, koci ya ba ni dama guda. Wasa ya zo ƙarshe, ana gaba da mu da ɗan kaɗan, babban ɗan wasanmu ya yi laifin da ya fitar da shi, aka ce Dogo tashi. Na shiga. Ƙwallo ta zo hannuna, mutum biyu suka rufe ni, Modu kuwa ya zame ya tsaya ƙarƙashin kwando shi kaɗai, hannu a sama, yana kiran "Dogo! Dogo!" Ko yaron goye aka miƙa wa daga nan zai jefa. Na dube shi. A cikin ƙiftawar idon nan na hango gobe ana cewa Modu ya ci mana wasa. Na jefa da kaina daga nesa, daga inda ko a atisaye ban taɓa ci ba. Ko zoben ba ta taɓa ba.

Da aka tambaye ni na ce ban gan shi ba. Haka na gaya wa koci, haka na gaya wa kakanka da na dawo gida da jakata, haka na yi ta gaya wa kaina ina koyon walda a wurin maƙwabcinmu. Ana cewa kishi kumallon mata, to duk wanda ya faɗi haka bai zauna da maza a benci ba. Namu ba ya fitowa a yi amansa a huta. Zama yake yi ya yi jijiya, mutum ya yi ta ba shi sunaye masu kyau, yau ya ce zuciya ce, gobe ya ce kare mutunci ne.

In ka je can za ka tarar da yara irinka, kowa ya zo ne don babbar jami'a ta gan shi, kowa yana jin wurin ya yi masa kaɗan. Za a yi ranar da baƙi za su zauna a gefe suna kallo, ƙwallo tana hannunka, wanda ka fi jin haushi yana tsaye babu kowa a kansa. Ka ba shi. Masu kallon nan ba yara ba ne, sun san wanda ya ci, sun kuma san wanda ya sa aka ci. Ni da na hana Modu ƙwallo ban rage shi da komai ba, ya buga shekarunsa har ya gaji ya ajiye. Kaina na kora.

Yanzu ga wanda ya shafe ka kai tsaye, wanda saboda shi nake neman gafararka. Bara, kwana kaɗan bayan labari ya zagaya cewa babbar jami'a ta ɗauki Bukar, kocin ƙaramar kwalejin nan ya kira. Ka tuna, a shago ka same ni, ka sa wayar a kan teburin yankan ƙarfe, yana magana kana fassara mini inda Turancinsa ya fi ƙarfin kunnena. Ya ce a ba shi kai shekara biyu. Ya ce za ka buga kowane mako, za ka zauna a aji ka tara sakamakon da jami'o'i suke karɓa, kuma masu horar da 'yan wasan manyan jami'o'i su da kansu suke zuwa ɗan zauren wasansu su zauna su duba. Kana fassarawa idonka yana ƙyalli. Ni kuwa ba shi nake ji ba. Kocin masaƙar nan nake ji, kalma da kalma, kuma abin da ke yawo a kaina shi ne Modu zaune a majalisa ana ce masa ɗanka yana jami'a, na Dogo yana makarantar share fage. Na ce maka, "Gaya masa mun gode." Ka dube ni, ka sake dubana, sannan ka gaya masa.

Shekara guda ka yi kana jiran kiran da bai zo ba. Kullum da yamma kana zuwa filin unguwa kana jefa ƙwallo a zoben da na haɗa muku da ragowar rodi, kana buga wa yaran da ba su kai kafaɗarka ba. Ina wucewa a kan babur ina ganinka, ina kawar da kai. Ni na ci maka shekarar nan, ba Bukar ba, ba Turawa ba. Da mutumin ya sake kira bana ya ce wannan ne karo na ƙarshe, mamanka ba ta ma bi ta kaina ba, ta ce ka amsa. Ta yi daidai. A gidan nan ita ce gajera, amma ta fi mu duka hangen nesa.

Na san akwai abin da ya fi yi maka ciwo, don na ji kana faɗa wa ƙanwarka. Kocin nan ba a bidiyonka ya gan ka ba. Kai ka yi wata guda kana haɗa naka, duk inda ka yi tsalle ka zura ƙwallo cikin kwando ka sa, ka aika wurare ba adadi, shiru. Shi kuwa a bidiyon Bukar ya tsinto ka, a gefe, ya tambaya wane ne dogon nan da ke tare masa hanya yana miƙa masa ƙwallo a daidai lokacin da ya kamata. Kana ganin wulaƙanci ne a gano ka a cikin hoton wani. Ni kuwa da na ji, sai da na fita bayan shago na zauna. Abin da mutumin nan ya gani a jikinka, daga wata duniya, shi ne ainihin abin da na rasa. Ba daga wurina ka gado shi ba. Kada ka bari in ƙwace maka shi da bakina.

Makon jiya na yi abin da ban yi ba tun kafin a haife ka. Na rufe shago da hantsi, na hau keke napep zuwa Dusuman. Na gaya wa mamanka awon ƙofa zan je, ta ce, "To, ka gaida mai ƙofar," don ta riga ta gane. Na samu Modu a lambunsa ya naɗe wando, yana dashen tattasai. Ya ɗago ya gan ni, ya daɗe yana kallona, sannan ya gaishe ni da Barbarci, ya ce, "Wushe, wushe! Dogo, kai ne, ko zafin rana ne ya taɓa ni?" Ya shimfiɗa mini buhu a inuwa, ya sa aka kawo shayi.

Mun yi ta zagaye-zagaye, ruwan bana, tsadar taki, waɗanda suka rasu. Daga ƙarshe na daure na ce, "Ya Bukar?"

Ya kaɗa kofinsa. Ya ce, "Bukar yana nan, yana da riga mai kyau."

Abba, ba sai ya ƙara komai ba, ni na san fassarar wannan magana fiye da kowa a Borno. Amma ya ƙara. Ya ce shekara ta zagayo yaron bai buga abin kirki ba. Ya ce, "Ka san koci a babbar jami'a, in bai ci wasa ba korarsa ake yi. Ba shi da lokacin reno. Yaronmu ya je ɗanye, sanyi ya buge shi, karatu ya buge shi, kewar gida ta buge shi. Ana cikin haka suka kawo wasu biyu daga irin kwalejin da ta nemi Abba, a wurin da Bukar yake bugawa. Sun girme shi, sun yi shekara biyu ana gwabza su, sun san aji, sun daina kukan uwa. Ranar da suka sauka, ranar suka fara aiki. Kai in kai ne koci wa za ka sa?" Ya nuna ɗan fangalin da yake cirowa daga ciki, ya ce, "Ko tattasan nan ba a watsa shi a babbar gona kai tsaye. A nan yake fara yin ƙwari, sannan a dasa." Na ce masa ni ba manomi ba ne, ya bar ni da karatun tattasai. Muka yi dariya, karo na farko.

Ga gaskiyar da nake jin kunyarta. Lokacin da ya ce Bukar yana benci, sai da na ji wani sanyi ya ratsa zuciyata. Yaron da aka raɗa wa suna ina wurin, yaron da ya sha cin burabusko a kwano ɗaya da kai a tsakar gidan nan, ubansa yana gaya mini damuwarsa, ni kuma raina yana murna. Tun daga Dusuman har Lamisula istigfari nake yi, mai keke yana waiwayena. Ka ga inda abin nan yake kai mutum in ya bar shi ya tsufa tare da shi. Saboda haka ina roƙonka, in ka sauka ka huta, ka kira Bukar. Ba don ka ji yana benci ba. Ka kira shi don a duk ƙasar can shi kaɗai ne ya san sunan kakarka.

Kafin in taso Modu ya ce, "Dogo, ka san ni nake ƙyashinka yanzu? Na roƙi yaron nan ya bi ta ƙaramar hanya kamar yadda na bi, ya ƙi, sunan jami'a ya ɗauke masa hankali. Naka zai je inda za a ba shi ƙwallo." Shekaru ina hango mutumin nan a samana, ashe shi ma yana da abin da ke hana shi barci. Sai na ji bakina ya buɗe da kansa, na ce, "Modu, ranar nan a Legas, na gan ka." Bai tambaye ni wace rana ba. Ya ce, "Na sani mana. Ai idonmu ya haɗu." Ya ɗauko tattasai cikin leda ya ce in kai wa mamanka.

Ban ce maka wurin da za ka daɗi ne da shi ba. Na ga hotunan da suka turo. Gari ne ƙarami a tsakiyar gonaki, zauren wasansu bai fi wani ɗakin taron biki na nan ba, kuma an ce sanyinsu ba irin wanda muka sani ba ne. Za ka yi doguwar tafiya a mota ku buga wasa a gaban mutanen da za ka iya ƙirgawa. Za ka buɗe waya ka ga filin su Bukar cike da jama'a da fitilu, abin nan zai taso maka. In ya taso ka kira shi da sunansa, ka ce wannan ƙyashin babana ne, ka yi alwala ka tafi atisaye.

Kuma kada ka yi wasa da aji. Ni a zamanina na ɗauka tsawo takardar shaida ce, ban ƙarasa komai ba, da ƙwallo ta ƙare ba ni da abin nunawa sai hoton zaure. An gaya mini ko ka fi kowa iya wasa, in sakamakonka bai cika ba babu jami'ar da za ta iya ɗaukarka, ƙofar a rufe take. Ka zauna a gaba, ko da yake na san duk wanda ke bayanka zai yi Allah ya isa. In ba ka gane ba ka tambaya. Ka nemi inda Musulmi suke taruwa ko su uku ne. Ka ci abin da ya halatta ko babu daɗi, yajin da mamanka ta daka maka zai rufa asiri.

Ban yi maka alkawarin babbar jami'a za ta zo ba. Wannan na Allah ne, kuma ba duk wanda ya bi hanyar ne ake kira ba. Abin da na sani shi ne, wanda ya dawo bayan zango ɗaya ba a kira shi ba tabbas, kuma zai zauna a shagon wani yana ba yara labarin yadda aka zalunce shi. Na san irin wannan mutumin, kullum da safe ina ganinsa in na leƙa madubin babur. Ka yi shekara biyun nan cur. In an kira ka, alhamdu lillahi. In ba a kira ka ba, ka dawo da takardarka da gumin da ka zubar, babu wanda zai ce maka da ka sani.

Saura guda ɗaya, ita ce ta fi nauyi, shi ya sa na bar ta ƙarshe. Ba Modu kaɗai nake ƙyashi ba. Har da kai.

Ka san ƙofar ɗakin mamanka, wadda na haɗa da hannuna shekarar da aka haife ka. Ka san layukan da ke jikin ƙarfenta. Duk ƙaramar salla, in an sauko daga idi, sai in tsayar da kai, in ɗora tafin hannuna a kanka, in ja layi da ƙusa. Kana tsalle kana cewa saura kaɗan ka kamo Baba. Akwai wani layi can sama da na ja wa kaina, don ka riƙa hango shi. Ko a shekarun tashin hankali, da ba mu san ko za mu ga wata sallar ba, ban fasa ba. Sai wata salla na tsayar da kai, na ɗaga hannu, na ga tafina ya wuce layina. Na ce ƙusar ta ɓace, a bari sai an jima. Ka yi ta tuna mini har ka gaji ka daina. Ƙusar tana aljihuna ranar, Abba. Uba ne ya ga ɗansa ya wuce shi, maimakon ya yi hamdala sai ya ji an ƙwace masa abu na ƙarshe da ake kiransa da shi.

Har yanzu da nake rubutun nan ina ƙyashinka, ba zan yi maka ƙarya ba. Ina ƙyashin gwiwoyinka da ba sa ƙara in ka tashi. Ina ƙyashin kocin nan da zai riƙa ganinka kullum, wanda za ka riƙa jin maganarsa fiye da tawa, kuma ya kamata ka ji. Fiye da komai ina ƙyashin ƙaramar ƙofar nan da aka buɗe maka har sau biyu. Ni sau ɗaya aka buɗe mini, na yi dariya na wuce. Da za a mayar da ni tashar nan, da na sauka daga motar Legas na bi Modu da gudu, ko ba takalmi.

Ga abin da nake roƙo. Jibi da safe, kafin mai keke ya zo, ka zo bakin ƙofar mamanka ka cire takalmi ka tsaya. In har ka yarda za ka yi shekara biyun, ka tsaya kawai, ba sai ka ce komai ba, ni ma ba zan iya cewa komai ba. In kuwa har yanzu zango ɗaya ne a ranka, ka wuce abinka, zan raka ka tasha in sa maka albarka kamar yadda ya wajaba, ƙusar ta koma aljihu. Na riga na gwada, hannuna ba ya kaiwa daidai, saboda haka na ce mamanka ta ajiye mini turmi a wurin. Sani Dogo zai hau turmi a gaban iyalinsa, ƙanwarka ta yi dariyarta ta ƙoshi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya raba ka da ciwon da ya ci ubanka. Ya tsare ka daga sharrin hanya da na dare da na abokin banza, Ya ba ka haƙurin zama inda aka dasa ka har ka yi ƙwari. Allah Ya sa ka wuce ni a komai, Ya kuma ba ni zuciyar da zan yi murna da hakan. Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Mamanka tana gaishe ka, wai kada ka manta da man zafi. Baba Modu ma ya ce a gaishe ka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani mai walda